Lokacin ɗari: abin da ya kamata a sani kafin a saƙa ko a ɗinka wa iyali kayan sanyi

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamada ɗauke da ƙura, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take fitowa. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, awon zafi da asuba kan sauko ƙasa da digiri 15 a watan Janairu, da rana kuma ya koma wajen 30. A Bilma da duwatsun Ayar, akwai daren da yake kusantar sifili. Wannan tazara tsakanin asuba da azahar ita ce ke wahal da iyaye: yaron da ya fita lakkwal yana kaɗuwar ɗari, shi ne zai dawo yana gumi.

Yawancin magidanta kayan bosho suke nufa. Sai dai tun bayan rufe iyakar Benin a shekarar 2023, dilolin da a da ke shigowa ta Kwatano sun koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso, kuma kuɗin hanya a kan mai saye yake ƙarewa. Ga shi ba kullum ake dacewa da daidai jikin yaro ba, balle jariri. Shi ya sa ƙwarashi, allurar saƙa da keken ɗinki ke da muhimmanci a gidan da ke da yara biyar ko shida.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne tufa ba ta ƙirƙirar ɗumi. Jiki ne ke fitar da zafi, aikin tufa kawai ta tsare iskar da ta ɗumama a kusa da fata. Saƙa ta fi yadi na yau da kullum ɗumi saboda ƴan ƙananan ramukan da ke riƙe wannan iska. Amma idan ramukan suka yi faɗi, hunturu na ratsa su kamar rariya. Rigar ƙwarashi mai ado da furanni tana da kyau ranar suna, ba ta hana ɗarin asuba. Saboda haka riguna biyu ko uku marasa kauri, ta auduga a ciki, saƙaƙƙiya a tsakiya, mai tare iska a waje, sun fi ƙatuwar riga guda. In rana ta ɗaga, sai a tuɓe ɗaya.

Sai maganar zare. Abin da ake kira ulu a babbar kasuwar Maraɗi, kasuwar Dole ta Damagaram ko kasuwannin Yamai, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, ana shigo da shi daga waje, wani ta Kano. Dalili kuwa a fili yake: tumakinmu, irin su uda da balami, gashi gare su irin wanda ba ya kaɗuwa. Tumakin kundum na bakin kogin Isa a jahar Tilaberi ne ke ba da ulu, su ma yawansu na raguwa. Zaren roba yana da araha, yana jure wanki, yana bushewa da wuri, asu ba ya cin sa. Aibinsa wuta. Idan ta taɓa shi narkewa yake, ya manne a fata. A lokacin da kowane gida ke jin ɗumi a bakin murhu ko kaskon gawayi, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma bai kamata a bar yaro mai irin wannan riga ya matso wuta ba. Mai son tantancewa sai ta yanki ɗan guntun zare ta ƙona shi a waje. Na tunkiya warin ƙonannen gashi yake yi, ya bar toka mai murmushewa. Na roba dunƙulewa yake, ya zama baƙin ƙwallo mai tauri.

Akwai dabarar da tsofaffin masu saƙa suka sani: a sayi babbar suwaita ta bosho wadda hannu ko wuyanta ya lalace, a farke ɗinkin gefe, a warware zaren. Zai fito a nannaɗe, sai a jiƙa shi, a shanya a inuwa har ya miƙe. Rigar babban mutum guda na iya fitar da huluna da safa na yara da dama. A dai duba gefen kafin a biya kuɗi, domin wadda aka yanka aka haɗa da keke gutsi-gutsi zarenta zai fito.

Idan zare kaɗan ne, jariri za a fara yi wa, kuma hula da safa za a fara. Kan jariri babba ne idan aka gwada da sauran jikinsa, ba shi da kitse sosai, don haka zafi ke saurin fita daga gare shi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36,5 da 37,5, kuma tana ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24. Ga bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, babu saƙar da ta kai ƙirjin uwa: a kwantar da shi fata da fata, da hula a kansa, a rufe su tare. Wannan hanya da ake kira kangaru an fara ta ne a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. Kewayen kan sabon haihuwa wajen santimita 35 ne, na ɗan shekara ɗaya wajen 46. A rage kaɗan daga awon, tunda saƙa tana buɗewa. Kada a sa doguwar igiya a wuya, ko maɓallin da zai iya cirewa ya haɗiye. Yawan naɗewa ma illa ne. In aka taɓa bayan wuyansa aka ji gumi, a rage. Kuma hula ba magani ba ce. Yaron da ke numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki, gidan likita za a kai shi a ranar.

Kuskuren da sabbin hannu suka fi yi shi ne fara riga ba gwaji. Kowace mace da irin riƙonta, wata tana matsewa, wata tana sakewa. A fara saƙa ɗan yanki kamar tafin hannu, a wanke, a auna, sannan a lissafa faɗin rigar. Ƙwarashi ya fi saurin koyo da saurin aiki, amma ya fi cin zare. Allura biyu ta fi fitar da saƙa mai laushi da ke bin jiki. Gidajen koyar da mata sana'a da cibiyoyin CFM na garuruwa da dama na koyar da su tare da ɗinki, kuma matan da ke cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, na da inda za su ranci kuɗin zaren farko.

Wanda ba shi da mai saƙa a gida, tela ya ishe shi. A sa wa rigar lakkwal ko jallabiya shafi na yadin auduga mai kauri, a tsuke wuya da bakin hannu, domin ta nan iska ke shiga. Ƙyallayen da ke zube a shagon tela, in aka harhaɗa su aka sa tsohon zane a tsakiya, bargo ne. Kakanni da abawa suka yi gwado da luru, babu ulu ko ɗaya a ciki, kaurin ne ke aiki. Ɗan kabu-kabu kuwa, wanda iska ke duka a ƙirji tun asuba, riga mai tare iska a kan suwaita ta fi masa amfani da suwaita biyu. Almajiran unguwa, masu kwana a zaure, su ne suka fi kowa buƙatar abin da ya yi wa yaran gida kaɗan.

Wajen wanki, ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi. Ruwan zafi na sa ulun gaske ya tsuke har ya kasa shiga. Kada a murɗe, kada a rataya a igiya, nauyin ruwa zai ja rigar ta yi tsawo. A shimfiɗa ta a kan tabarma a inuwa. Dutsen guga mai zafi kashe zaren roba yake yi. In zafi ya shigo a watan Maris, a wanke kayan su bushe sarai kafin a ɗaure su a jaka, domin asu ya fi bin ulun da aka ajiye da dauɗa.