Yadda Ake Tsige Alƙalin Alƙalai a Ghana: Bayani Kan Sashe na 146

Tun ranar 1 ga Satumba 2025, da Shugaba John Mahama ya sauke Mai Shari'a Gertrude Torkornoo daga kujerar Alƙalin Alƙalai, zancen bai mutu ba a zangonninmu, daga Nima har Aboabo. Wani ya ce doka aka bi, wani ya ce ramuwar siyasa ce. Sai dai in ka tambayi masu gardamar me dokar ta ce, da yawa sai su yi shiru. Shi ya sa muka ga ya kamata mu warware ta.

Kundin tsarin mulki na 1992 bai yarda a cire alƙalin babbar kotu haka kawai ba. Sashe na 146 ya taƙaita dalilan: rashin ɗa'a da aka fayyace, ko rashin iya aiki, ko ciwon jiki ko na hankali da ya hana shi aikinsa. Idan Alƙalin Alƙalai ake ƙara, takardar ƙorafin wajen shugaban ƙasa take zuwa. Shi kuma ya yi shawara da Majalisar Ba da Shawara ta Ƙasa a duba ko ƙorafin yana da makama. In yana da ita, a kafa kwamitin mutum 5: alƙalan Kotun Ƙoli 2, ɗayansu ya shugabanta, da wasu mutum 3 waɗanda ba lauyoyi ba ne, ba 'yan majalisar dokoki ba, ba kuma 'yan waccan majalisar shawara ba. Zaman a asirce ake yinsa. Abin da kwamiti ya yanke kuwa, dole shugaban ƙasa ya zartar, ba shi da zaɓi.

Haka aka bi da Torkornoo, wadda Akufo-Addo ya naɗa a 2023. Ƙorafi 3 aka shigar. Aka dakatar da ita a Afrilun 2025, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Gabriel Pwamang. Kwamitin ya same ta da laifin rashin ɗa'a, ciki har da kashe kuɗin gwamnati ba bisa ƙa'ida ba a tafiye-tafiyen da ta yi da iyalinta. Ita ta musanta, ta ce ba a yi mata adalci ba, ta kuma garzaya kotuna. Wannan ne karon farko da aka tsige Alƙalin Alƙalai a ƙarƙashin wannan kundi.

To ina gizo ke saƙar? A wajen hannun shugaban ƙasa. Shi ke karɓar ƙorafi, shi ke naɗa 'yan kwamiti, sannan majalisar da yake shawara da ita, mutum 11 daga cikinta shi ya zaɓe su da kansa. Ko da kowa a ciki mai gaskiya ne, wanda aka tsige zai ce ai mutanenka ne suka yi mini shari'a, kuma da wuya a gamsar da magoya bayansa. Ga batun asiri kuma. Hikimarsa ita ce kare mutuncin alƙali, don kada a ɓata sunansa a bainar jama'a alhali ƙila a wanke shi daga baya. Amma Torkornoo da kanta ta nemi a yi zaman a fili, ba a yarda ba. Mu a ganinmu, idan wanda aka yi sirrin dominsa ya ce ba ya so, hujjar ci gaba da ɓoyewa ta yi rauni.

Akwai abin da muke so ɗalibanmu su tuna, don wasu suna ƙanana lokacin. A Yunin 2018 Akufo-Addo ya sauke shugabar Hukumar Zaɓe, Charlotte Osei, tare da mataimakanta 2, ta wannan sashe ɗin dai. Bambancin shi ne a nata, Alƙalin Alƙalai ce ta duba ƙorafin ta kafa kwamiti. A ranar 'yan NDC ne ke kukan bi-ta-da-ƙulli, 'yan NPP na cewa a bar doka ta yi aikinta. A 2025 sai suka yi musayar baki, kowa ya ɗauki maganar ɗan uwansa. Mu ma a majalisunmu na bayan isha'i, mun san waɗanda suka yi wannan juyi, kuma ba za mu kama suna ba.

A farkon 2025 Mahama ya kafa kwamitin duba kundin tsarin mulki ƙarƙashin Farfesa H. Kwasi Prempeh, kuma yawan ikon shugaban ƙasa wajen naɗe-naɗe na cikin manyan abubuwan da jama'a suka daɗe suna kuka da su. Idan maganar gyara ta zo gabanmu, tambayoyin da za mu yi wa ɗan majalisarmu su ne: wa zai riƙa zaɓen 'yan kwamitin, kuma wanda ake tuhuma zai iya neman a buɗe ƙofa a ji shari'arsa?