A Wanke Hanji Kafin Likita Ya Leƙa

Mai yasar rijiya ba ya iya ganin tsagar da ke gindin rijiya sai an kwashe laka. Ko ya sauka da fitila mai haske, in laka ta rufe bango, zai hau ya ce lafiya lau, alhali kuwa tsaga tana nan. Haka yake ga likitan da zai leƙa cikin babban hanjin mutum.

Wannan gwaji ana kiransa kolonoskofi. Likita yakan sa wani siririn bututu mai lanƙwasa ta dubura, da fitila da kyamara a bakinsa, ya bi babban hanji da shi. Tsawon hanjin nan ya kai wajen mita 1 da rabi. Abin da ya fi nema shi ne ƙananan tsiro a jikin hanjin, domin waɗansunsu sukan rikiɗe su zama ciwon daji bayan shekaru. A 1969 ne likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, William Wolff da Hiromi Shinya, suka nuna ana iya bin hanjin duka da bututun nan, har a tsinke tsiron ba tare da an yanka ciki ba. To, amma tsiron da bai wuce ƙwayar wake ba, ɗan guntun kashi ya isa ya ɓoye shi. Saboda haka muna cewa rabin aikin nan a gida ake yinsa, tun kafin a je asibiti.

Magungunan da ake bayarwa

Na fari shi ne wanda likitoci suke kira PEG. A 1980 aka harhaɗa shi a Dalas ta jihar Tekzas. Gari ne da ake damawa a ruwa. Jiki ba ya tsotse shi, sai ya bi hanji ya kore abin da ke ciki, kamar yadda ruwan sama yake wanke kwata. An sa masa gishiri iri iri daidai gwargwado, don kada ya ja ruwan jiki ko gishirinsa da yawa. Ana sayar da shi da sunaye kamar su GoLytely da Klean-Prep da Fortrans. Wahalarsa ita ce yawa: lita 4, watau ruwan leda guda 8, kofi ɗaya kowane minti 10 zuwa 15. Duk da haka shi ne aka fi zaɓa wa tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko na zuciya.

Na biyu PEG ne kuma, amma an ƙara masa bitamin C don a rage yawansa. MoviPrep lita 2 ne, sai a bi shi da lita 1 ta ruwa. Wanda lita 4 ta gagare shi yakan iya wannan.

Na uku shi ne sodiyam fikosalfet haɗe da magniziyam, kamar Picolax. Ƙunshi biyu ne, ana dama kowanne a ruwan da bai cika kofi ba. Ya fi sauƙin sha. Amma kada sauƙin nan ya ruɗe mu. Wannan magani ruwan jiki yake jawowa zuwa cikin hanji, don haka dole a bi shi da ruwa mai yawa, wajen kofi ɗaya kowace awa muddin ana zawo. Wanda ƙodarsa ba ta aiki sosai ba a ba shi, gama magniziyam yakan taru a jininsa.

Na huɗu shi ne sodiyam fosfet. A dā an so shi ƙwarai domin ƙanƙantarsa. Amma an ga yana lalata ƙodar waɗansu, musamman tsofaffi da masu shan maganin hawan jini. A watan Disamba na 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi a kansa. Kada kowa ya saye shi da kansa don wankin hanji.

Akwai kuma ƙwayoyi irin su Dulcolax da sena, masu motsa hanji. Likita yakan haɗa su da ɗaya daga cikin na sama don su taimaka. Su kaɗai ba su isa ba.

Filasko da man zurma fa?

Mun sani a gidajenmu akwai masu cewa, “Ina amfanin kashe kuɗi, ga filasko a kasuwa?” Gaskiya ne filasko ɗan'uwan sena ne, yana kuwa sa zawo. Man zurma ma haka. Amma zawo dabam, wankin hanji dabam. Waɗannan sukan fitar da abin da ke kusa, su murɗa ciki, su bar bangon hanji da saura. Ba kuma mai iya auna ƙarfin ganyen da aka tafasa a tukunya. In ya yi yawa, ruwan jikin dattijo ya ƙare, sai a kai shi asibiti ranga-ranga maimakon ya tafi da ƙafarsa. A sha abin da likita ya rubuta, kada a ƙara, kada a musanya.

Abin da za a faɗa wa likita tun da wuri

Kafin a zaɓi magani, a gaya wa likita in akwai ciwon ƙoda, ko na zuciya, ko na hanta, ko ciwon sukari, ko juna biyu, ko kuwa mutum ya saba yin kwanaki bai yi bayan gida ba. A kai masa dukan magungunan da ake sha, ya gan su da idonsa. Ƙwayoyin ƙarin jini ana barinsu wajen kwana 7 kafin ranar, domin suna baƙanta kashi su sa ya manne. Maganin tsinka jini kamar wafarin, da allurar insulin, da ƙwayoyin sukari, likita ne kaɗai zai faɗi yadda za a yi da su.

Aikin uwargida

Kwana 2 ko 3 kafin gwajin, ko yadda takardar asibiti ta faɗa, sai a sauya tukunya. A bar wake, da gyaɗa, da riɗi, da zogale, da alayyafo, da kuɓewa, da masara, da 'ya'yan itace masu ƙwaya kamar gwaba da kankana. A ba shi farar shinkafa, da taliya, da farin burodi, da ƙwai, da kifi ko kaza. Daga lokacin da aka ce a bar abinci, sai ruwan da ake iya hangen gindin kofi ta cikinsa: ruwa, da shayi ba madara, da romon da aka tace. Ban da kunu, ban da koko, ban da fura da nono. Zoɓo kuwa a nisance shi sarai, gama jan launinsa yakan yi kama da jini a idon likita.

Yanzu likitoci sun fi so a raba maganin biyu: rabi da maraice, rabi da asuba, kamar awa 4 zuwa 6 kafin gwajin, a gama shi aƙalla awa 2 kafin lokacin. Dalili kuwa, cikin dare ƙaramin hanji yakan ci gaba da zubo majina da ruwan ɗaci, shan asuba ne yake share su. Tashin ƙarfe 3 ko 4 na dare ba daɗi, amma yana da amfani.

In an sanyaya maganin ya fi shiga. In zuciya ta tashi, a huta rabin awa, sa'an nan a ci gaba a hankali. A shafa basilin a dubura don kada ta yi zafi. A bar wa mai shan magani bayan gida, a ajiye masa buta da fitila, a kuma gaya wa yara kada su yi masa dariya. In tsoho ne, wani ya kwana kusa da shi don kada jiri ya kā da shi.

Yaya za a san hanji ya wanku? Abin da ke fita zai zama ruwa garau, rawaya-rawaya kamar fitsari, ba gudaji. Ko an ga haka da wuri, a shanye sauran. In kuwa amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura da ciwo mai tsanani, ko fitsari ya ɗauke, ko mutum ya fara ruɗewa, a daina sha, a tafi asibiti nan da nan.

Wanda ya sha rabi ya zubar da rabi, kansa ya cuta. Likita zai ce a sāke, a sāke biyan kuɗi, a sāke kuɗin mota, a sāke wunin yunwa. Mafi muni kuma, ana iya wuce tsiron ba a gan shi ba. Ranar gwajin, wani babba ya raka mai zuwa, domin yawanci akan yi allurar da ke sa gyangyaɗi, bai kamata ya tuƙa mota ko babur ba sai washegari. In akwai wanda aka sa wa rana a gidanku, ku zauna tare ku karanta takardar asibiti tun mako guda kafin lokacin, ku kuma tambayi ma'aikatan jinya duk abin da ya shige muku duhu.