Wudil: An Kawo Kwamfuta, Wa Zai Koya Wa Malamin?

Mai wucewa ta Wudil a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, abin da ya fi sani shi ne gada da kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Amma garin ya daɗe da zama garin karatu. Kwalejin Horon Malamai ta Wudil ta yaye malaman firamare da dama a zamanin takardar Grade II, kuma a makarantar koyon sana'a ta garin ne Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi wani ɓangare na karatunsa. Yau akwai Makarantar Horon 'Yan Sanda, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ke kan hanyar Gaya, wadda ta fara karatu a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a 2022.

Cikin tsangayoyi biyu da jami'ar ta fara da su, ɗaya ta kimiyya ce da koyar da kimiyya. Wato tun farko an yi tunanin wanda zai tsaya gaban allo. Wannan tunani ya sake tasowa yanzu, domin jarrabawa na ƙaura daga takarda zuwa kwamfuta. JAMB ta kammala tata ƙaurar tun 2015. WAEC ta fara da masu zana jarrabawa daga waje a 2024, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Su kansu malamai, jarrabawar hukumar yi musu rajista, TRCN, a kwamfuta ake yin ta. Ɗalibin ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a zauren jarrabawa, ya shiga da rauni tun kafin ya karanta tambayar farko.

Kano na da masanin da ya daɗe a kan wannan fage. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda matasa suka fi sani da nazarin finafinai da littattafan Hausa, asalinsa malamin kimiyya ne. Digirinsa na uku, wanda ya kammala a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988, a kan makarantun sakandaren kimiyya na Jihar Kano ya yi shi, daga 1977 zuwa 1987, wato shekaru goman farko na tsarin da ya soma da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Jihar ta kafa su ne don ta samu likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, shi kuma ya bi sawu ya duba yadda burin ke tafiya. Ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya a 1997, ya ƙara samun farfesa na biyu a fannin sadarwa da al'adu a 2012, sannan ya shugabanci jami'ar karatu daga gida, NOUN, daga 2016 zuwa 2021.

Akwai wani ƙaramin aikinsa da ya fi manyan muƙaman bayyana matsalar. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi, ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Malamin Hausa da ya buga tambayoyin jarrabawa sai ya koma da biro yana lanƙwasa haruffa ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba "ƙasa" ta zama "kasa", "ɓata" ta zama "bata". Abdalla Uba Adamu ya zauna ya tsara haruffa masu ƙugiya da za a iya sa wa kwamfuta. Na'urar tana nan tun farko; abin da ya rage shi ne wani wanda ya san darasin ya daidaita ta da buƙatar mai koyarwa.

Binciken ƙasashen waje ma nan ya dosa. Larry Cuban na Jami'ar Stanford ya leƙa makarantun yankin Silicon Valley, cibiyar kamfanonin kwamfuta a Amurka, kuma a littafinsa na 2001 ya nuna cewa duk da yawan na'urori, akasarin malamai ba su sauya yadda suke koyarwa ba. A ƙasar Peru an raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. A 2006 kuwa Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Michigan suka fito da tsarin TPACK, wanda ke cewa sanin darasi da dabarar koyarwa da sanin na'ura dole su haɗu a kan malami guda. Iya buɗe kwamfuta dabam, iya amfani da ita a nuna wa ɗan aji biyu yadda jini ke zagaya jiki dabam.

A nan ne horon malamai ke yawan tuntuɓe. Ana koyar da kwamfuta a matsayin kwas mai zaman kansa, a haddace sunayen sassanta a ci jarrabawa, sannan a fita gwajin koyarwa da alli kawai. Bita ta kwana uku a otal, da kuɗin mota da takardar shaida, ba ta cike wannan giɓi. Ɗakin kwamfuta da aka buɗe da biki yakan koma a kulle, makulli na ofishin shugaban makaranta, saboda tsoron sata ko rashin wuta.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, kuma hankali ya fi karkata ga gyaran azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai, waɗanda lallai ana buƙata. Sai dai na'urar da ta riga ta shiga hannun malamai da yawa ita ce wayar da ke aljihunsu. Ɗaliban koyarwa na jami'ar Wudil za su iya fita gwajin koyarwa a sakandaren Wudil da Gaya da Garko da darasi guda da aka tsara a waya, wanda ke aiki ko babu intanet, mai duba su kuma ya ba da maki a kan yadda suka yi amfani da shi a aji.