Habaicin Silima: Yadda Tsofaffin Finafinan Amurka Suka Zagaye Dokar Tacewa

Habaici, kamar yadda Bahaushe ya san shi, magana ce wadda ake yi don wanda aka nufa ya gane, amma in an tsare mai ita yana da mafita. Irin wannan dabara ce masu shirya finafinai na Amurka suka riƙa amfani da ita shekaru fiye da talatin wajen nuna sha'awar da ke tsakanin namiji da namiji, ko mace da mace, wato abin da ya shafi luwaɗi da maɗigo.

Dalili kuwa shi ne dokar tacewa da aka fi sani da sunan Hays, wadda kamfanonin Hollywood suka tsara wa kansu a 1930, aka tsananta aiki da ita daga 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, ba a kuwa yi watsi da ita ba sai 1968. Dokar ta hana ambaton wannan al'amari, ko da a kaikaice ne. To, da aka toshe baki, sai magana ta koma ga ƙanshi, da tufafi, da kallo. Alal misali, a fim ɗin The Maltese Falcon na 1941, tun kafin Joel Cairo ya shigo ofis an riga an ce katinsa yana ƙanshin fure, ga shi kuma da ƙwalisa da sandar ado. Ba a ƙara komai ba, amma Baturen lokacin ya gane.

Wanda ya fi kama da zaurance shi ne na Spartacus, 1960. Crassus yana wanka, ya tambayi bawansa Antoninus ko yana cin kawa, ko kuma yana cin dodon-koɗi, sa'an nan ya nuna cewa shi kam duka biyun yake ci. Wannan karon masu tacewa sun farga, aka yanke wurin. Sai a 1991 aka mayar da shi, kuma da yake Laurence Olivier ya riga ya mutu a 1989, Anthony Hopkins ne ya kwaikwayi muryarsa. Na Ben-Hur, 1959, kuwa gardama ya zama. Marubuci Gore Vidal ya ce da gangan aka sa Messala ya riƙa duban Ben-Hur duban masoyin da aka guje wa, Charlton Heston kuma ya musanta. Habaici ke nan, ko masu shi ba su yarda da juna ba. Vito Russo ya tattara irin waɗannan misalai a littafinsa The Celluloid Closet na 1981.

Sai dai ishara ba ta ƙetare iyakar al'ada yadda hoto ke ƙetarewa, kuma nan ne masu nazari kan yi tuntuɓe. A tashar Marnona ko kasuwar Wurno, maza biyu su riƙe hannu suna tafe suna hira, aminci ne kawai. Turare kuwa sunna ce, babu dattijon da za a zarga don rigarsa tana ƙanshi ranar Jumma'a. Saboda haka katin Cairo ba zai gaya wa Basakkwace komai ba, haka nan wanda ya ɗauko ma'aunin Hollywood ya auna abotar Jai da Veeru a Sholay na 1975, ko ta samarin Hausa, zai ɗora wa mutane abin da ba su nufa ba.

Fim ɗin Hausa ma ya bi wata hanya dabam. A da, ɗan daudu ba a ɓoye yake fitowa ba, a fili yake, da karairaya da tukunyar abinci da kaifin baki, kamar yadda marigayi Rabilu Musa ya fito a Ibro Ɗan Daudu. Abin da ake nunawa a lokacin daudanci ne, wato kwaikwayon mata a magana da sana'a, ana yi don dariya, batun sha'awa kuwa ba a taɓa shi. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke duba irin waɗannan finafinai kafin su shiga kasuwa.