Yadda Hirar Ofis Ta Koma Rubutu a Birnin Landan

A cikin shirinmu na kimiyya na yau, zan yi muku bayani a kan wani canji da ya auku a ofisoshin birnin Landan, watau yadda hirar ma'aikata ta tashi daga baki ta koma rubutu, da abin da wannan ya haifar.

A da, magana iri biyu ce a ofis. Akwai ta takarda, wadda akawu zai buga da tafireta, babba ya sa hannu, a saka cikin fayil, kamar yadda aka saba a ofisoshin En'e. Akwai kuma ta baki, wadda a ke yi a bakin ƙofa ko wurin shan shayi. Ita wannan da an faɗe ta sai iska ta kwashe, alhali kuwa a cikinta ne ainihin halin mutane ya ke fitowa.

To, sai aka ƙago hanyoyin aika saƙo ta wayar hannu da kwamfuta. WhatsApp ta fito a 2009, Slack a 2013, Microsoft Teams kuma a 2017. Da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi cikin watan Maris na 2020, sai hirar aiki ta koma can kusan ɗungum.

Ga yadda abin ya ke aiki. In ka aika da saƙo cikin zauren hira mai mutum goma, to, ka yi masa kwafi goma ke nan, kowa da nasa. A Slack da Teams, saƙon ya kan zauna cikin manyan kwamfutocin ajiya, ana iya nemo shi da kalma ɗaya tak bayan shekaru. WhatsApp kuwa, tun 2016 ta ke kulle saƙo yadda ko kamfanin ba ya iya karantawa. Amma fa kullen na kan hanya ne. Da saƙo ya isa, wanda ya karɓa yana iya ɗaukar hotonsa ya nuna wa wanda ya ga dama.

Lalle akwai amfani a nan. Sabon ma'aikaci yana iya karanta dalilin da ya sa aka yanke wata shawara tun kafin zuwansa. Ƙaramin akawu kuma yana iya yi wa shugaba magana ba tare da ɗan jagora ba. Sai dai abin da ke bayyana alheri, shi ke bayyana sharri.

Ga misali. Ran 1 ga Fabrairu, 1922 ba a san irin wannan ba. Amma shekara ɗari daidai bayan nan, ran 1 ga Fabrairu, 2022, hukumar da ke binciken halin 'yan sanda ta fid da rahoto a kan waɗansu 'yan sanda, galibinsu na ofishin Charing Cross da ke tsakiyar Landan. An sami saƙonnin da suka yi ta aika wa juna tsakanin 2016 da 2018, cike da wulakanta mata da baƙaƙen fata da Musulmi. Waɗansunsu sun ce wasa ne. Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, bai gamsu da matakin da a ke shirin ɗauka ba, kuma ran 10 ga watan, shugabar 'yan sandan birnin, Cressida Dick, ta ce za ta sauka.

Misali na biyu ya shafi gwamnati kanta. Baroness Hallett, wadda aka ɗora wa binciken yadda aka tafiyad da al'amarin korona, ta nemi a ba ta saƙonnin WhatsApp na tsohon Firayim Minista Boris Johnson ba tare da an goge kome ba. Gwamnati ta kai ƙara Babbar Kotu, amma cikin watan Yuli na 2023 alƙalai suka ba Hallett gaskiya. Daga baya aka karanta saƙonnin manya a bainar jama'a, kowa ya ji irin zagin da su ke yi wa juna a lokacin da mutane ke mutuwa. Ranar wanka, in ji Hausawa, ba a ɓoyon cibi.

Shin wannan ya isa ya gyara halin ofis? A'a. Tun 2020 WhatsApp ta kawo saƙo mai ɓacewa da kansa, kuma wanda ya ji tsoron rubutu yana iya komawa ga raɗa. Saboda haka ne a 2023 gwamnatin Birtaniya ta umurci ma'aikatanta su riƙa shigad da duk muhimmiyar maganar aiki da aka yi ta irin waɗannan hanyoyi cikin fayil na hukuma.

Abin lura, jama'a, shi ne na'ura madubi ce kurum: tana nuna fuska, ba ta wanke ta. Wankewa aikin shugaba ne, wanda zai sa ƙaramin ma'aikaci ya faɗi gaskiya a fili ba tare da ya ji tsoron rasa abincinsa ba. Ku kuma, kafin ku aika da saƙo a wurin aiki, ku tuna magana zarar bunu ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda. Ku huta lafiya.