Adon bango: Yadda farar ƙasar Ƙanƙara ke fita da arha ta dawo da tsada

Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a Funtuwa ko Katsina a 'yan shekarun nan zai lura da wani salon fenti: bango mai sheƙi, launi a kan launi, kamar gajimare. Kaɗan ne suka san cewa wannan ado yana da alaƙa da ƙasar Ƙanƙara.

Yadda ake yin sa

Mai fenti kan fara da shimfiɗa mai kauri, ya bar ta ta bushe. Sai ya kawo ruwan sheƙi wanda ido ke ratsawa, ya ɗiga masa launi kaɗan, ya shafa, ya bi shi da soso ko tsumma tun yana ɗanye. Da yake shafin sama bai rufe na ƙasa ba, launukan biyu sai su bayyana tare.

Kyan aikin yana ga shimfiɗar. Cikin abubuwan da masana'antu ke zubawa domin fenti ya yi jiki har da farar ƙasa, wato kawolin, wadda ke rage buƙatar sinadarin titanium dioxide mai tsada da ake shigowa da shi daga waje. Ƙanƙara kuwa na cikin wuraren da suka yi suna da wannan ma'adini a Najeriya. Tun kafin zuwan fentin gwangwani mata ke shafe ɗakunansu da ita, magina kuma na ƙarfafa bango da daɓe da makubar ɗorawa.

Ina ribar take tafiya?

Mai haƙa yana sayar da ita ɗanya. Wankewa da tacewa da niƙa, inda ƙimar take, galibi a nesa ake yin su, sannan ta dawo a bokiti da farashin da talaka ba ya iya taɓawa.

Abu biyu ne suka ɗaure lamarin. Kundin tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun damƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, don haka daga Abuja lasisi ke fitowa. Na biyu tsaro. Tun sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, sunan garin ya haɗu da tsoro, ga kuma hare-haren da suka raba manoman Faskari da Sabuwa da gonakinsu. Mai jari ba ya kafa inji inda ba zai iya kwana ba.

Abin lura ga mai saye

Fenti mai toshe iska ba ya jituwa da ginin ƙasa: yana tsare danshi, da damina ya kumbura ya ɓare. Wasu fentin mai kuma na ɗauke da dalma, gubar da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinari ta fito. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kashi 90 cikin miliyan.

Saboda haka idan 'yan takara sun zo neman ƙuri'a, akwai abin tambaya: wa ke riƙe da lasisin haƙar farar ƙasar Ƙanƙara, nawa ake samu, kuma yaushe za a riƙa tace ta a gida?