BABI NA UKU: DUHUN DARE DA KALLON TAURARI A TAMBUWAL DA KEBBE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan irin wuraren da suka dace da kallon taurari a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, waɗanda ke kudancin Jihar Sakkwato. Za a fara da abin da ke hana mazauna manyan birane ganin taurari, sannan a dubi matsayin wannan yanki, da lokutan da suka fi dacewa, da kuma amfanin abin ga jama'a.

3.1 Hasken Birni da Ɓacewar Taurari

Idan dare ya yi duhu sosai kuma babu wata, mutum mai lafiyar ido yana iya ganin taurari kimanin 2,500 a lokaci ɗaya. A tsakiyar babban birni kuwa, kamar Legas, 'yan kaɗan ne masu tsananin haske suke bayyana. Dalili shi ne hasken fitilun tituna da na gidaje da na motoci yakan tashi sama, ya ci karo da ƙura da hayaƙi da tururin ruwa, ya watsu, sai sararin samaniya ya yi fari-fari. Tauraron da haskensa bai kai na wannan farin ba sai ya ɓace wa ido. Birnin da ke bakin teku ya fi shan wannan matsala saboda yawan laimar da ke cikin iskarsa, don haka mazauna Legas sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sami duhu na sosai.

Masana sun ba wannan abu suna gurɓatar dare da haske. A shekarar 2001 wani Ba'amurke mai suna John Bortle ya fito da ma'auni mai matakai tara, inda mataki na 1 yake nufin cikakken duhu, na 9 kuwa tsakiyar birni. Haka kuma taswirar da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a ƙarƙashin sararin da haske ya gurɓata, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama, wanda Larabawa ke kira Majarra. Ƙasashen da abin bai taɓa sosai ba sun haɗa da Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska.

3.2 Matsayin Tambuwal da Kebbe

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato. Wannan tazara ta isa ta sa hasken birnin ya zama ɗan ja-ja ne kawai a gefen arewa maso gabas, idan ma an gan shi. Sai dai kasancewar garin a bakin hanya ya sa fitilun manyan motoci da na tashoshi da na masu shayi ba sa yankewa. Haka abin yake a Dogon Daji. Saboda haka mai son kallon taurari sai ya bar bakin titi, ya shiga gonaki, har inda wata fitila ba ta dukan idonsa kai tsaye.

Kebbe kuwa tana kudu da Tambuwal, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, kuma ba ta kan wannan babbar hanya. Wannan ya sa ƙauyukanta, irin na wajen Kuchi, suka fi duhu. Manyan garuruwan da ke kusa da ita su ne Jega ta yamma da Gummi ta gabas, ke nan sashen kudu shi ne ya fi kuɓuta daga haske. Wannan abu ne mai amfani, domin yankin yana kusan daraja 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Tauraron arewa yana bayyana ƙasa-ƙasa, kimanin daraja 12 daga doron ƙasa, sannan ana iya ganin taurarin kudu waɗanda mutanen Ingila ba sa gani ko kaɗan, musamman a watannin Afrilu da Mayu da farkon dare.

3.3 Sharuɗɗan Zaɓen Wuri da Lokaci

Sharaɗi na farko shi ne fili. Gonar da aka girbe ko wani tudu da babu dogayen itatuwa a gabansa ya fi fadama, domin fadama takan tara hazo da raɓa. Na biyu shi ne haƙuri. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duban fuskar waya ko kunna tocila sau ɗaya yakan mayar da shi baya. Na uku shi ne kwanan wata. Wata yana cika zagayensa cikin kwana 29 da rabi, kuma idan ya cika haskensa yakan rufe ƙananan taurari tamkar fitilar birni. Dararen ƙarshen wata da na farkonsa su ne suka fi dacewa.

Sharaɗi na huɗu, wanda ya fi nauyi a ƙasar Sakkwato, shi ne yanayin shekara. Daga Yuni zuwa Satumba hadari yakan rufe sama, ko da yake daren da gari ya washe bayan ruwa yakan yi kyau ƙwarai, kuma a lokacin ne Majarra ta fi fitowa. Daga Disamba zuwa Maris kuwa iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma hayaƙin ƙonar daji, har taurarin da ke ƙasa-ƙasa su dusashe ko da babu fitila ko ɗaya. Bisa ga wannan, lokacin kaka, wato Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, shi ne mafi dacewa: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka ba. Ana iya gwada kyawun wuri da Kaza da 'Ya'yanta, wadda ke fitowa ta gabas bayan magariba a watan Nuwamba. Wanda ya ƙirga shida ko bakwai a cikinta ba da wahala ba, to ya sami wuri mai kyau.

Ba za a manta da sha'anin tsaro ba. Hare-haren 'yan bindiga a sassan Sakkwato da Zamfara sun sa fita daji da dare ya zama haɗari. Ya kamata a tsaya a gefen gari, a fita cikin jama'a, kuma da sanin mai gari.

3.4 Muhimmancin Duhun Dare ga Jama'a

Kallon sama a wannan yanki ba nishaɗi ba ne kawai. Manoma da malamai sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kowane da kwana 13 in ban da Jabaha mai 14, wanda ya ba da kwana 365. Da wannan lissafi ake sanin lokacin shuka da tsakiyar damina. Sunaye irin su Zara da Gamzaki kuwa yaro yana koyonsu ne a tsakar gida, ana nuna masa da hannu. Idan tauraro ya daina ganuwa, sunansa ma zai bi shi.

Har ila yau akwai duban jinjirin wata, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, yake bayar da sanarwarsa bayan an tantance rahotanni daga sassan ƙasa. A nan akwai ɗan bambanci. Jinjirin wata yana bayyana ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, kafin duhu ya kankama, saboda haka buɗaɗɗen fili ta yamma da ƙarancin ƙura sun fi duhu muhimmanci a gare shi.

3.5 Naɗewa

An ga cewa nisa daga manyan birane ya bai wa Tambuwal da Kebbe duhun da Legas ta rasa. Amma fitilun titi masu amfani da hasken rana suna ƙara yawaita a garuruwa da ƙauyuka, kuma jama'a na bukatarsu. Abin da zai daidaita bukatun biyu shi ne a sa wa fitila murfi ta haska ƙasa inda ake tafiya, a daina barinta tana haska sama inda ba kowa.